UBAN GWAMNA BA SHI DA IGAMA

Na Ummu Hadil

Shafi na 27

Da sunan Allah mai rufa asirin bayinSa.

Jama'ar zauren nan, na ga saƙonninku. Mujahida ta Shisha, ke da kika ce in ban saki shafi yau ba za ki zo har gida ki ƙwace wayata, to ga shi nan, sai ki bar ni in sha shayina. Masu zagin Jawahir kuma ku ɗan rage, ku yi tanadi, yau ne za ku buƙaci zagin. Bari in ba ta wuri ta ci gaba da bakinta.

*

Tun da na ji tsayuwar tasin mijina ana idar da azahar na san akwai magana. Marwan, wanda nake kira Abu Bandar, ba ya dawowa unguwarmu ta Zahir a nan Makka da rana tsaka, balle a watan Zulƙida da alhazai suka fara cika gari.

Ya shigo ya ajiye makulli a kan firiji, ko ruwa bai nema ba.

"Na gan ta," ya ce.

Na ajiye ludayi. "Wa ka gani?"

"Kin san wa. Yayarki."

Yayata. Ka ji fa. Matar da ban taɓa gani ba sai a waya, tana tsaye gaban tuta tana zuba Turanci da Sifaniyanci, mutane suna ta tafi. Gwamna Marisol Kintana, mai riƙe da jiha sukutum a ƙasar Amurka, can wajen iyakarsu da Meksiko. Wai ita ce yayata, ni Jawahir da aka haifa a kan dutsen Nakkasa, a ɗakin da ko taga babu.

"Tana Jidda," ya ce. "Ta zo da ayarin 'yan kasuwar jiharsu. Na je otal ɗin kamar yadda ta aiko. Jawahir, goshin Ammi ne sak. Har taɓa kunnen nan da yake yi in zai yi magana."

"Rage murya, kar ya ji."

Daga ɗaki muka ji tari, sannan muryar Abuya, mahaifina, wanda Marwan ke kira Ammi.

"Ai na ji. Ku shigo."

Wata biyu ke nan Abuya bai taka ƙofar gida ba. Ƙafafu sun kumbura, numfashi sai da dabara. Amma kunnen Malam Dawuda mai Turanci, wannan bai tsufa ba. Turancin nan ne ma ya jawo mana duk wannan. Da azumi wata Ba'amurkiya ta ɓata a bakin Harami, ya nuna mata hanya da irin harshen garinsu, har yana tambayarta ko har yanzu ana gasa barkono a bakin titi in kaka ta yi. Ta ɗauke shi bidiyo don mamaki, ta watsa. Bidiyon bai tsaya ko'ina ba sai teburin Gwamna.

Marwan ya durƙusa gefen katifa.

"Ammi, jirginta zai tashi bayan magariba. Ta ce ko minti goma ne, tana so ta sa ka a ido."

"Ba za ta iya shigowa Makka ba," Abuya ya ce. "Addinin uwarta take yi."

"Shi ne na ce..." Marwan ya sosa ƙeya. "In ta yi kalmar shahada a gaban wani shehi a Jidda, a ba ta takarda, awa ɗaya ta iso. Abin da ke zuci ai Allah ne ya sani."

"Shi ya sa ba za a yi ba, don Ya sani. Ba za ta sayi ganina da yi wa Allah ƙarya ba, Marwanu. Kar ka sake kawo wannan."

"To saura kai ka fita."

Nan na tsoma baki, don na ga abin yana neman wuce gona da iri.

"Ya fita ina? Abu Bandar, kai haifaffen nan ne, ɗan ƙasa, shi ya sa kake ganin hanyar Jidda kamar hanyar kanti. Fita ba wuya, kowa ya sani. Komowar fa? A watan nan ko mai igama sai da takardar izini yake wuce shingen askarawa. Shi kuwa me zai nuna musu, furfura?"

Gaskiya na faɗa. Shekara arba'in da ɗaya Abuya yana Makka babu igamar zama a ƙasa, babu fasfo, babu ko tsinken takarda mai sunansa. Daga Amurka ya dawo ya rako uwarsa Hajji daga Gumel, ta kwanta ciwo, ta ce ba ta barin garin Manzo. Ya zauna jinya shekara shida, kafin ta cika, biza ta mutu, fasfo ya mutu, kunya ta hana shi waiwaya. Tun daga nan bai taɓa ƙetare iyakar Harami ba. In ya fita yau, ya fita ke nan.

Kuma duk wanda ya san Abuya ya san buri ɗaya ya rage masa. A ƙarƙashin katifar nan da yake kwance akwai likkafaninsa, da hannunsa ya wanke shi da zamzam ya shanya. So yake a sallace shi a Harami, a kai shi inda aka kai uwarsa da Ummina.

"Ba zan je ba," ya ce.

Wallahi sai na ji sanyi har tafin ƙafa. Na ce a raina, Alhamdulillahi, an wuce wurin.

"Amma ba don kabari kaɗai ba. Jawahir, miƙo min gwangwanin nan na saman sif."

Tsohon gwangwanin madara ne, tun muna Nakkasa nake ganinsa. Ko ranar da aka zo rusau, shi ya fara runguma kafin tabarmar sallarsa. Ni a zatona layu ne da rubuce-rubucen malamai.

Ya buɗe. Takardu ne cunkus, an naɗe su da roba, duk hotunan mace ɗaya.

"Wannan," ya ɗago ta farko, "tana lauya. Masu tsinkar barkono da albasa take tsaya wa a kotu, mutanen uwarta, waɗanda ake cinye musu gumi don ba su jin Turanci. Ko sisi ba ta karɓa. A shagon intanet na ƙasan dutse aka bugo min."

Ya ɗago wata.

"Nan ta zama magajiyar gari. Ƙaramin gari ne, bai kai Zahir ba. Ta tarar ana sayen ruwan sha a jarka, ta bar shi da famfo a kowane gida. Ban-ruwa na je karanta a jiharsu, ka sani. Ni ban ja wa kowa ko ɗigo ba, 'yata ta ja."

"Ammi..."

"Bari in gama. Nan majalisar jiha. Nan kuma ta nemi gwamna karon farko ta faɗi. Dubi fuskarta, ta ƙi yin kuka a gaban maza. Kwana uku ban ci abinci ba, kina ta cewa maleriya ce."

Na tuna. Har na kira mai allura.

"Da ta sake tsayawa, Litinin da Alhamis ban sha ruwa da rana ba har aka ƙirga ƙuri'a. Ranar da ta ci, na je na yi ɗawafi, ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Wani Bature ya tambaye ni lafiya, na ce masa zafi ne."

Ni dai ina tsaye jikin ƙofa kamar an dasa ni. Shekara talatin da shida ina gaban mutumin nan, ina wanke masa kaya, ina dama masa kunu, ban san yana da wata rayuwa a cikin gwangwanin madara ba.

"To me ya hana ka neme ta?" Marwan ya tambaya.

Abuya ya zaro takardar ƙarshe daga can ƙasa. Ta sha naɗi har ta fara yagewa.

"Wannan. Shekara tara ke nan. Ta tsaya gaban dubban mutane ta ce, ubana baƙo ne daga Afirka, ya tafi aikin ibada Makka ina 'yar shekara biyar, a can Allah ya karɓi ransa. Mutane suka yi ta kuka. Daga ranar babu taron da ba ta faɗa ba. Har suna suka sa mata, marainiyar Makka."

Ya ninke takardar.

"Na gane. Uban da ya mutu a hanyar ibada yana kawo ƙuri'a. Uban da ke raye yana ɓuya a kan dutse babu takarda, wannan kayar da mutum yake yi, balle a jiharsu da kullum rigimar marasa takarda ake. Ta auna, ta binne ni. Ban ce ba ta da hujja ba. Ni ne na ɗora ta a wuya na kira ta da sunan da na raɗa mata, na ce, Hadijatu, kafin a girbe barkono na dawo. An girbe sau arba'in da wani abu."

Ya mayar da murfin.

"Ka koma ka ce mata mamaci ba ya zuwa ziyara."

Marwan bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai yana murza zoben hannunsa. Na san mijina. In ya fara murza zoben nan, akwai abin da ya haɗiye tun a hanya.

"Ammi, ita ma maganar da ta fara yi min ke nan. Ta ce ba ita ta ƙirƙira ba. Gaya mata aka yi."

"Wa ya gaya mata?"

"Ta ce shekara tara da suka wuce ta aiko wani likita Bahaushe da ke aiki a jiharsu, Dakta Nu'uman, ya zo Umara. Ya bi Nakkasa gida gida yana tambayar Dawuda mai Turanci, har aka nuna masa ƙofarku. Ya yi sallama. Wata mace ta amsa masa ta bayan labule, ta ce Allah ya yi maka rasuwa bara."



Ummina ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Shekara tara baya, mace ɗaya ce a gidanmu. Marwan bai dube ni ba. Abuya ne ya juyo da kansa a hankali a kan matashi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ake cewa. Ni nawa na yi shekara tara ina tafiya a ciki har na ɗauka hanya ce.

"Jawahir."

"Na'am, Abuya."

"Zo nan."

Na durƙusa.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Faɗa min."

"Abuya, ka tuna makon. Makon da aka yi kame a layinmu, aka kwashe su Baba Issoufou da matarsa da tsakar rana, ko takalmi ba su ɗauka ba. Kwana biyu bayan nan sai ga mutum fes da shi, da tabarau, yana tambayar sunanka cikakke, har da sunan kakana. A hannunsa ambulan mai hatimin hukuma, ruwan zinare. Kai ka koya min tun ina ƙarama, ka ce duk wanda ya zo da takarda mai hatimi yana neman mutum, a ce ba a san shi ba. Na ga ya riga ya san gidan. Sai na ce ka mutu."

"Wannan na yarda," ya ce. "Duk 'yar Nakkasa haka za ta yi. Sai me?"

Da zan iya tsayawa nan. Wallahi ƙofa ce ya buɗe min, Marwan ma har ya ɗago kai yana sauke numfashi. Amma na gaji. Shekara tara ina ɗauke da dutse a ƙirji ina ce masa gyambon ciki.

"Ya yi salati, ya turo ambulan ɗin ta ƙarƙashin labule, ya ce a ajiye wa iyalinka. Na buɗe tun bai yi nisa ba. Ban iya karanta Turanci ba, amma akwai hotuna biyu. Ɗaya wata tsohuwa ce a gadon asibiti. Ɗayan kai ne, da gashi cunkus, da yarinya a wuyanka."

"Sai kika gane ba hukuma ba ce."

"Na gane."

"Yana ina a lokacin?"

"Yana gangara matakala. Ina hango farar rigarsa ta kafar katanga. Da na ɗaga murya sau ɗaya zai juyo."

"Me ya hana ki?"

Na sunkuyar da kai. Sai da ya sake tambaya.

"Dariyar da kake yi a hoton, Abuya. Har haƙoranka na ciki ana gani. Ni ban taɓa ganin ka yi irinta ba. Ba ka yi wa Ummina ba, ba ka yi min ba. Na ce in ka ga hoton nan tafiya za ka yi ka bar ni a kan dutse ni kaɗai. Sai na sa su a kaskon turare, da wasiƙar da hotunan, na tsaya har suka zama toka. Da ka dawo daga Harami ka ce gidan yana ƙauri, na ce shinkafa ce ta kama."

Ku zage ni, na cancanta. Tsoro ne ya fara ƙaryar, amma ba tsoro ne ya ƙarasa ta ba. Hassada ce, da 'yar'uwar da ban ko san sunanta ba.

Abuya bai ɗaga murya ba. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

"Marwanu, me ke cikin wasiƙar?"

"Ammi, a bar shi haka."

"Me ke ciki?"

"Lusiya ce a gadon, uwar Gwamna. Ta ce ba ta sake aure ba. Da likitoci suka ce ba sauran magani, abu ɗaya ta roƙa, a nemo ka ta ji muryarka ko a waya ne. Ba faɗa za ta yi maka ba, wai so take ta ce maka yarinyar ta yi kyau." Ya sake murza zoben. "Ta ƙara wata huɗu bayan likitan ya koma. Ta rasu tana zaton ka riga ta."

Abuya ya rufe ido. Hawaye ya bi gefen fuskarsa ya shige kunne, bai share ba.

"Wata huɗu," ya ce. "A lokacin da ƙafata nake hawa dutsen nan sau biyar a rana. Waya tana aljihuna."

"Abuya, ka yafe min."

Kamar bai ji ba.

"Kin san abin da ya fi ci min rai? Shekara tara ina yi wa yarinyar nan addu'a a gaban Ka'aba, amma akwai wani lungu a zuciyata da ban taɓa yafe mata ba. Kullum in na ga fuskarta sai in ce, kin sayar da ni. Ashe ba ta yi min komai ba. Ashe a gidana aka binne ni."

Na kifa kai a gefen katifa ina kuka. Bai taɓa ni ba, bai kore ni ba.

Can ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Biyu da rabi," in ji Marwan.

"Jawahir, ɗaga katifar nan ki ɗauko min likkafanina."

Na ɗago a firgice. "Abuya, me za ka yi da shi?"

"Tafiya zan yi da shi. Inda za a buƙace shi ba nan ba ne kuma."

"A'a. Don Allah a'a. A kira ta a waya, ku ga juna a bidiyo, ai duk ɗaya ne."

"Shekara nawa ina ganinta a gilashi? Ya isa. Na yi wa yarinya alkawari da bakina, ba ta waya ba."

"Kabarin kakata Inna fa? Na Ummina fa? Sallar Harami da ka yi shekara arba'in kana jira?"

"Ƙasar Allah ce duka. In Ya tambaye ni, ba zai ce a ina aka binne ka ba. Cewa zai yi ina amanar da Na ba ka." Ya juya ga mijina. "Marwanu, in aka kama ka da ni a mota, tasinka ta tafi, wataƙila har da kai. Ba dole."

Marwan ya miƙe ya ɗauki sandar Abuya daga lungu.

"Yalla, Ammi. Mun dogara ga Allah."

Ni na ɗaga katifar. Farin yadin yana cikin leda, an ninke shi tsaf. Ban taɓa ɗaukar abu marar nauyi da ya yi min nauyi irinsa ba.

Goya shi Marwan ya yi har mota. Muka kwantar da kujerar gaba, ni na zauna a baya da likkafani da gwangwanin madara a cinya. Marwan ya kira lambar da aka ba shi, suka shirya a haɗu a wani gidan mai da ke bayan iyaka, daf da inda waɗanda ba Musulmi ba suke karkata hanya.

Da muka hau babban titi Abuya ya ce a rage gudu. Ta tsakanin gine-gine ana hango hasumiyar agogo. Ya zuba mata ido yana motsa baki. Ko ɗawafin bankwana bai samu ba, mutumin da ba a ƙirga ɗawafinsa. Duk baƙon da ya zo na mako biyu yana samun wannan. Ni na hana ubana.

Babu wanda ya tsayar da mu. Na yi ta roƙon Allah a ɓoye a tsayar da mu, a ce an rufe hanya, mu koma gida. Ina, hanya fayau.

Muka wuce ƙarƙashin babbar ƙofar nan ta kan titi mai nuna an bar Makka. A ɗaya hannun motocin masu shiga gari ne jere har inda ido ya ƙare, askarawa suna bi taga taga suna duba takardu. Abuya ya bi layin da kallo har ya ɓace.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. Ba da mu yake ba.

Gidan man babu kowa sosai, rana ta kori mutane. Baƙaƙen motoci biyu suna tsaye a gefen masallaci, gilashinsu baƙi wuluk. Can nesa kaɗan, wajen mai sayar da shayi, wata ƙaramar farar mota.

"Ku tsayar da ni," Abuya ya ce. "Ba za ta same ni a kwance ba."

Muka kama shi ni da Marwan, ya dafa sanda, ya jingina da kafaɗata. Karon farko ke nan da ya taɓa ni tun a ɗaki, shi ma don ba yadda zai yi ne. Ya gyara hularsa. Ya taɓa kunne.

Ƙofar motar gaba ta buɗe.

Ba ita ba ce. Wani dogon Bature ne cikin kwat, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya ƙaraso da sauri yana magana ƙasa ƙasa, yana satar kallon farar motar. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga fuskar Abuya tana sauka.

"Me ya ce?" na tambayi Marwan.

"Mai ba ta shawara ne. Ya ce 'yan jarida biyu sun biyo su tun daga otal, su ne a farar motar, da kyamara. Saura wata huɗu zaɓe, tana neman zango na biyu, kuma kunnen doki suke da abokin takararta. In aka ɗauke ta da uban da ta yi shekara tara tana cewa ya mutu, kafin jirginta ya sauka an gama da ita. Za a ce da ƙarya ta ci kujerar."

"To ita me ta ce?"

"Ya ce tun a hanya suke rigima. Yana roƙon Ammi ya koma mota, a sake shiri wani lokaci."

Wani lokaci. Na waiwaya na dubi hanyar da muka fito, na dubi ledar da ke kujerar baya. Wane lokaci kuma?

A jikin baƙin gilashin mota ta biyu na ga wani abu ya manne daga ciki. Tafin hannu ne, a buɗe.

Abuya ma ya gani.

"Ka ce masa," ya fara da Hausa, sai kuma ya tuna ba ya buƙatar tafinta. Ya faɗa da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa, ban san don wa ba. "Ba ita ta yi ƙaryar ba."

Bai dube ni ba. Ya zare hannunsa daga kafaɗata. Mutumin da ya yi wata biyu ba ya zuwa banɗaki sai an riƙe shi, ya dasa sanda a kwalta, ya ja ƙafa ɗaya, ya ja ta biyu, ya nufi motar shi kaɗai.

A farar motar na ga an sauke gilashi, bakin kyamara ya leƙo.

Na san abin da zai biyo baya in na buɗe baki. Za a san wace ce ni, a san wanda ya ɓoye marar takarda a gidansa a Zahir, a san tasin da ta fito da shi. Igamata a hannun aure take, ba ta da wani ƙarfi. Na dubi mijina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya daina murza zoben.

"Abu Bandar, zo ka fassara musu," na ce. "Tun daga labule zan fara."

Muka nufi farar motar. Shekara tara da suka wuce taku ashirin ne tsakanina da mai farar riga na kasa. Yau ma kusan ashirin ɗin ne.

Ban kai rabi ba na ji ƙarar buɗe ƙofa a bayana. Na ji Baturen yana magana da sauri, na ji takun takalmin mace a kan kwalta, gudu take yi. Sai wata murya, da Hausar da ta yi shekara arba'in da wani abu ba a taɓa ta ba.

"Baba? An girbe barkono."

Sai ƙarar sandar Abuya da ta faɗi ƙasa.

Na tsaya cak. Na kasa juyawa.